Ƙarfen Da Na Cire A Gidan Mai

Yau kwana arba'in da ɗaya da binne Mama. Ku da kuke turo mini saƙo kuna cewa, "Ailén, ki rabu da Fermín, wanda ya yi sanadin uwarki ba mijin aure ba ne," na karanta duk abin da kuka rubuta. Ban amsa wa kowa ba saboda kunya. Don Allah ku bi ni har ƙarshe kafin ku sake zaginsa.

A gidanmu a Trelew, tun kafin a haife ni, watan Janairu na tafiya tafki ne. A wajenmu Janairu ne tsakiyar bazara. Da zarar zafi ya kama, Baba zai ɗaura tirelarmu a bayan a-kori-kurarsa, irin tirelar nan mai gadaje da ɗan kicin a ciki, mu keta ƙasa kilomita ɗari shida har duwatsun Esquel. Tsohuwar 'yar ƙarama ce, kamar akwati mai taya. Bana da Baba ya yi ritaya sai ya sayar da ita ya sayo wata na hannu, doguwa, mai tsayi, har da banɗaki. Ranar da aka kawo ta Mama ta riƙe haɓa ta ce, "Osvaldo, wannan ai lukuta ce." Sunan ya bi ta. Mama ta yi sati biyu a kan keken ɗinki tana yi mata labule ruwan ɗorawa mai ƙananan furanni, ta jera kofuna a kabad, kowanne ta naɗe shi da tsumma don kada ya fashe.

Fermín mai walda ne. Garejinsa yana bakin gari, aikinsa ke nan haɗa mota da tirela. Shekara uku muna tare, a watan Oktoba ya saka mini zobe. Ba shi da surutu. Hannayensa duk tabon tartsatsi ne, kuma ko ranar Lahadi ya saka farar riga sai ka ji ƙanshin ƙarfe a jikinsa.

Wata Lahadi ya zo cin nama. Baba yana bakin gawayi yana juya haƙarƙari, Fermín kuwa ya zagaya Lukuta sau biyu, ya durƙusa ya leƙa mahaɗin, ya tashi yana goge hannu.

"Baba Osvaldo, wannan ta fi ƙarfin ƙwallon mahaɗi ɗaya. Faɗin jikinta kamar bango. In iskar hanya ta buge ta, wutsiyarta za ta fara kaɗawa, kuma motar za ta bi ta. Ku bari in saka mata ƙarfen hana tangaɗi."

Baba bai ko ɗago ba. "Yaro, shekara talatin ina jan tirela a wannan hanyar. Lokacin da na fara, uwarka tana goge maka majina."

"Gaskiya ne. Amma waccan ƙarama ce."

"Auta," Baba ya juyo gare ni, "tun ba a ɗaura ba mijin naki ya fara koya mini tuƙi?"

Yayana Hernán ya tuntsire da dariya. Ni na sunkuyar da kai ina tsinkar burodi. Mama ce ta ajiye kwanon latas da ƙarfi ta ce, "Ni ce zan zauna a gaba, kuma ina so a saka. Fermín, ka zo Asabar."

Ya zo Asabar ɗin da shuɗiyar rigar aikinsa. Ƙarfen bai kai tsayin hannuna ba. Falle biyu ne, ɗaya yana shiga cikin ɗaya, da wani mariƙi da ake murɗawa ya matse su. Kai ɗaya yana hawa kan ƙaramin ƙwallo a gefen mahaɗin mota, ɗayan yana hawa kan wani a wuyan tirela, kowanne da 'yar sakatarsa. In tirela ta so kaɗawa, ƙarfen sai ya cije ya hana ta. Ya gama, ya kira Baba ya nuna masa. Baba ya ɗaga hannu daga kujerarsa, kofin mate, shayinmu na ganye, a cinyarsa.

"Koya wa amaryarka. Ni aikina sitiyari."

Saboda haka ni ya koya wa. Ya sa na cire na mayar sau biyar har yatsuna suka yi baƙi.

"Abu biyu, Ailén. In za a yi baya a wuri matsattse, sai an cire shi, in ba haka ba zai lanƙwashe. In an gama, a mayar kafin a hau titi. Kin ji? Kafin a hau titi."

"Na ji, malam."

"Kuma ki ce wa Baba kada gudunsa ya wuce tamanin. In ta fara kaɗawa kada ya taka birki da ƙarfi, ya ɗaga ƙafa kawai ya riƙe sitiyari miƙe."

"Kai ka faɗa masa mana."

Ya yi murmushi ya lakace mini hanci da baƙin mai. "Ina son in kai ranar aurena da rai."

Mun tashi ranar shida ga Janairu da sassafe, mu uku. Hernán ya tsaya saboda aiki. Mama ta saka rigarta mai launin ruwan toka da ɗan gyalenta ja a wuya, ƙunshin soyayyen burodi a cinyarta, tana zuba wa Baba mate tana miƙa masa. Ni ina kujerar baya da wando jins da koriyar jakat. Iska tana ta bugun mu tun daga fitowa gari, amma Lukuta tana bin mu lafiya lau. Mama ta ce, "Ka ji yadda take tafiya kamar an shafa mata mai?" Baba ya ce hanyar ce aka gyara.

Wajen tsakar rana muka tsaya shan mai a Los Altares. Wata babbar mota ta tare hanyar fita, dole sai Baba ya yi baya ya karya kwana. Na yi tsalle na sauka ina jin kaina gwana. Na kwance mariƙin, na zare sakatun biyu na jefa a aljihun jakat, na ɗaga ƙarfen na ajiye a bayan a-kori-kura. Na tsaya ina ɗaga wa Baba hannu, dama, dama, tsaya. Ya fita tsaf.

A daidai lokacin wayata ta yi ƙara. Fermín ne, ya turo hoto: wani ɗan gida mai koren ƙofa, da bishiyar lemo a tsakar gida.

"Na samu. Ɗaki biyu. Mai gidan ta ce daga Afrilu."

Na rubuta, "Rantse!"

"Kicin ɗin yana kallon gabas, yadda kike so."

"Wayyo Fermín, zan yi kuka."

"Kada ki yi. Ki faɗa wa Mama in kun isa tafki."

Baba ya danna hon. "Auta, a nan za mu kwana?" Na buɗe ƙofa na shige, idona a kan koren ƙofar nan. Na saka abin sauraro a kunne don in ji saƙon murya da ya biyo baya, yana lissafa mini inda gado zai zauna da inda zan ajiye keken ɗinkin da Mama ta yi mini alkawari. Na saurara sau uku. Ban tuna da ƙarfen ba ko sau ɗaya.

Ban san kilomita nawa muka yi ba. Abin da na sani, wata doguwar mota mai ɗauke da tumaki ta taho daga gaba ta wuce mu, sai na ji kamar an fizgi motarmu ta baya. Ta yi hagu, ta dawo dama, ta sake yin hagu fiye da na farko. Na waiwaya na ga Lukuta a karkace, labulen Mama suna kaɗawa a tagoginta. Mama ta ce, "Osvaldo!" Ita ce kalmarta ta ƙarshe da na ji. Baba ya taka birki. Ƙasa ta koma sama.

Na farka a asibiti da karyayyen ƙashin kafaɗa. Baba ya karye a ƙugu da haƙarƙari huɗu. Mama ba ta kai asibitin ba, gefenta ne ya daki ƙasa.

Kwana biyu bayan haka wata ma'aikaciyar jinya ta kawo mini kayana a leda. Na zaro koriyar jakat ɗin don in rufe ƙafata, sai wani abu ya faɗo ƙasa ya yi ƙara. Sakatun nan biyu. Na kalle su a kan tayil, na daɗe ina kallonsu. Sai na sunkuya da kafaɗata mai ciwo na tsince su na tura ƙarƙashin matashi. Ranar na yi amai har sau uku, likita ya ce maganin ciwo ne bai karɓe ni ba.

An tsinci ƙarfen a gefen titi, nesa da motar. Da Hernán ya ji haka, shi ke nan ya samu amsarsa. Ƙarfen Fermín ya ɓalle, aikin banza ya yi, ya kashe mana uwa. Ranar jana'iza Fermín ya zo coci da baƙar kwat ɗin aro, hannunta ya yi masa gajere, da fararen furanni. Hernán ya tare shi a bakin ƙofa a gaban kowa.

"Ka taka cocin nan, sai an yi gawa biyu yau."

"Hernán, ka bari in yi mata addu'a kawai."

"Ka je ka yi wa walda ɗinka addu'a."

Fermín ya dube ni. Ina tsaye da baƙar riga, hannuna a rataye, Inna Chela ƙanwar Mama tana riƙe da ni. Na kawar da kai. Ya ajiye furannin a kan matakala ya juya.

Ku ce mini muguwa, na yarda.

Bayan sati ɗaya ya turo saƙo: "Ki zo dandali ƙarfe huɗu. Minti goma kawai." Na ce wa Inna zan je kantin magani. Na same shi a kan benci, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Na je inda aka ajiye motar," ya ce. "Sun bar ni na ga ƙarfen. Bai lanƙwashe ba, Ailén. Ƙwallayen ko ƙwarzane babu. Mariƙin a kwance yake har ƙarshe. Ba ɓallewa ya yi ba, cire shi aka yi."

Na zaro sakatun daga jaka na buɗe tafin hannuna. Bai taɓa su ba. Ya rufe mini hannun da nasa.

"A gidan mai ne?"

Na gyaɗa kai.

"Da ƙarfe nawa?"

"Fermín..."

"Sha biyu da kwata na turo hoton. Na duba." Ya share fuska da hannun riga. "Ni na san kuna kan hanya. Me ya hana ni in jira yamma?"

"Ba laifinka ba ne. Zan faɗa musu yau."

"Ba za ki faɗa ba. Mahaifinki ya rasa mata. Kina so ya riƙa kallonki kowace safiya yana tunawa? Ni in sun tsane ni, ba a gidansu nake kwana ba."

"Garejinka fa?"

"Ƙarfe ba ya ƙarewa a duniya."

Ƙarya yake yi, na sani. Trelew ba ta da girma. Cikin sati biyu mutum uku suka je suka janye tirelolinsu daga garejinsa, aikin bai ƙare ba. Wani ya rubuta masa "makashi" da jan fenti a ƙofa. Mahaifiyarsa ta daina zuwa kasuwar unguwa. Ni kuwa ina gida, maƙwabta suna kawo mini miya suna shafa mini kai suna cewa Allah sarki marainiya.

Inna Chela ta tare a gidanmu don jinyar Baba. Ita ce ta ɗora wa kanta maganar zobe. Kullum in muna yanka albasa sai idonta ya sauka a yatsana.

"Har yanzu abin nan yana hannunki?"

"Inna, don Allah."

"Don Allah me? 'Yar'uwata tana cikin ƙasa, ke kina yawo da zoben wanda ya tura ta. Ba ki jin nauyinsa? Cire ki ba ni, ni zan kai wa uwarsa da kaina."

Hernán kuma ba ya roƙo. Ya ce ranar da ya ga sunan Fermín a wayata, in tattara in bi shi, kuma in manta ina da wa. Na sauya sunan zuwa "Kantin Magani". Kowace safiya Kantin Magani yana turo mini, "Kin ci abinci?" Ni kuma in rubuta "Eh," in goge.

Baba tun da aka sallamo shi bai yi doguwar magana ba. Yana kwance a gadonsu, gefen Mama a gyare, silifas ɗinta har yanzu a ƙarƙashi. In Hernán ya fara zagin Fermín, Baba sai ya juya fuska bango. Na ɗauka baƙin ciki ne ya hana shi magana.

Jiya da safe saƙo ya shigo. "Zan rufe garejin ƙarshen wata. Wani abokina ya samo mini aiki a rijiyoyin mai a kudu. Gidan nan na ce wa matar ta ba wani. Ki riƙe zoben ko ki ba su, duk wanda ya fi miki sauƙi. Ba na fushi."

Na karanta a banɗaki, na kunna famfo don kada Inna ta ji ni. Da na fito na wanke fuska, na saka rigar Mama ta gida, mai aljihu biyu, na jira. Bayan abincin rana Inna ta shiga ɗaki ta kwanta. Hernán ya fita tun safe bai ce inda za shi ba. Na haɗa mate na kai wa Baba, na zauna a bakin gadon.

"Baba, ina da magana."

"Ina jin ki, Auta."

Na zaro sakatun na ajiye a kan bargo. Na faɗa masa komai, tun daga babbar motar da ta tare hanya har hon ɗin da ya danna. Na ce masa ƙarfen Fermín bai ɓalle ba, yana kwance a bayan mota tun Los Altares, ni na ajiye shi. Na ce Fermín ya sani, shi ya hana ni faɗa. Muryata ta ƙare kafin maganar. Na jira ya kore ni.

Ya ɗauki sakata ɗaya yana juya ta a yatsunsa.

"Na sani," ya ce.

Na ɗago.

"Ba mu yi kilomita goma ba na ji ta a sitiyari. Wutsiyar tana ɗan motsi, ba kamar da safe ba. Na gane abin ba ya jiki. Uwarki ma ta ji. Ta ce, Osvaldo tsaya mu duba ƙarfen yaron nan. Ke kina baya kunnenki a toshe, kina murmushi." Ya ajiye sakatar a kan bargo. "Kin san abin da na ce mata? Na ce shekara talatin ban buƙaci ƙarfen kowa ba. Na ce sai mun kai Paso de Indios. Don kada ta ce na ji tsoro, har na ƙara wuta. Ɗari da biyar nake yi lokacin da motar tumakin ta zo."

"Baba..."

"Ke kin manta, 'yata. Mantuwa kowa yana yi. Ni na tuna, aka roƙe ni, na ƙi." Hawaye ya gangaro masa cikin gemun da ya daina askewa. "Kwana arba'in ina kwance a nan ina jin ɗana yana zagin mutumin da ya so ya cece mu, na yi shiru. Na ji tsoron ku, ke da yayanki. Tsoho da ni."

Na kifa kaina a ƙirjinsa, na manta da haƙarƙarinsa, shi kuma ya rungume ni. Mun yi kuka mu biyu, kukan da ba mu yi tare ba ranar jana'iza. Mate ɗin ya zube a bargo ba wanda ya kula. Da ya samu numfashi ya ce, "Kira shi. Ki ce ya zo yanzu, ina so in nemi gafararsa da bakina."

Na miƙe zan ɗauko waya, sai na ga mutum a bakin ƙofa.

Hernán ne, da farar rigarsa ta zuwa ofis, makullin mota a hannu ɗaya, takarda mai hatimi a ɗaya. Fuskarsa ta yi fari fat.

"Yaya, tun yaushe kake nan?"

"Tun daga maganar gidan mai," ya ce.

Baba ya yunƙura zai tashi zaune, ciwo ya mayar da shi. "Hernán, zo nan, ɗana."

Bai zo ba. Ya dube ni, ya dubi Baba, ya dubi takardar kamar wani ne ya saka masa ita a hannu.

"Daga ofishin mai gabatar da ƙara nake," ya ce a hankali. "Na shigar da ƙarar Fermín, kisa ta hanyar sakaci. Sun karɓa. Sun ce ranar Litinin za su kira shaidu biyu da suka rayu, kowa ya rantse ya faɗi wanda ya taɓa ƙarfen nan a ƙarshe."

Wayata ta yi ƙara a aljihun rigar Mama. Na zaro ta. Kantin Magani ne.

"'Yan sanda sun kawo mini sammaci. Zan ce ni ne ban ɗaure da kyau ba. Ki yi shiru, Ailén, ina roƙonki."